Faifan Ƙarshe Na Zakarun Bunsuru

Sallama gare ku 'yan gidana, musamman masu bina har akwatin saƙo da "Radiyya ina labari?" To ga ni. Wadda ta ce jan aji nake yi, Allah ya yafe mata. Wuta ce babu, kuma ita kanta zuciyar sai da na bari ta huce kafin in iya rubuta abin da ya faru a gidanmu makon nan.

Saboda waɗanda suka shigo yau: ni ce Radiyya, autar Malami mai gyaran rediyo da lasifika a bakin kasuwar Sabon Birni. Ina koyarwa a firamare. Wanda nake so sunansa Marwan, ɗan Isa ne, yana jigilar kaya tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi. Dogo ne, baƙi, mai wushirya, kuma tsabar zama da mutanen Nijar ko "to" ba ya iya cewa sai "dakor". Iyayensa sun shirya turo magabata neman aurena tun bayan girbi. Abin da ya rage kawai Baba ya ce ga ranar da za su zo.

Baba kuwa ya ƙi cewa komai.

Ranar da Inna ta kai masa maganar ina laɓe a bayan labule, ba sai kun tambaya ba. Ya yi murmushi, ya ce Alhamdulillahi, sannan ya ce, "Ɗan wa na a Isa?"

"Ɗan Sodangi mai hatsi na," in ji Inna, muryarta can ƙasa.

Sai na ji ya ajiye sukudireba a kan tire. Shi ke nan. Bai ce a'a ba, bai ce i ba. Tun daga ranar, in aka taso da zancen sai ya tuna akwai lasifikar wani masallaci da ke jiransa.

Ga kuma Gwaggo Maimunat, yayar Baba, wadda ke zaune da mu tun rasuwar mijinta. Ita aikinta ɗaya a duniya: sanar da ni duk yarinyar da aka ɗaura wa aure a faɗin ƙasar Gobir. "Ɗiyar Yari an kai ta jiya. Ke kika goya ta, ko kin mance?" Ban mance ba, Gwaggo. Bayana ma bai mance ba.

Kafin ku gane inda matsalar take, sai na mayar da ku baya, zamanin da ko Inna ba ta san za ta haife ni ba.

Baba, tsohon nan da kuke gani da farin gemu da tabarau ɗaure da zare, mawaƙi ne a da. Ba na kalangu ko kotso ba. Su samari shida ne daga Isa da Sabon Birni suka kafa ƙungiya mai suna Zakarun Bunsuru (Bunsuru gulbin yankinmu ne, ba na akuya ba), suna irin kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira fank da sol, amma da Hausa suke rerawa. Baba ke waƙa yana kaɗa jita, akwai masu busa ƙaho biyu, akwai mai jita mai kauri, da mai fiyano, da mai ganguna. Sun yi wasa a otal-otal na Sakkwato da Gusau da Maraɗi, har Yamai an kai su. Akwai hotonsa guda a ƙasan adakar Inna: suma tuli guda, riga a buɗe har ƙirji, wando mai ƙafa kamar siket, takalmi mai tudu. Ranar da na fara ganinsa na yi dariya har na shaƙe, Inna ta fizge tana cewa, "Ke mi kin sani? Wanga wando ya hana 'yammatan Isa kwana."

Da kaset biyu na tashi a gidanmu, Ruwan Bunsuru da Zo Mu Taka. Ran Juma'a da safe, in Baba ya fita, Inna kan saka su tana shara. Har yau in na ji ƙamshin turaren wuta da jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙahonnin nan nake ji a kunnena. Kowace waƙa iri ɗaya take farawa: mai ganga ya haɗa sandunansa, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sai ya saki guda mai nauyi, dum, sai ɗan shiru kamar na mai jan numfashi, a cikin shirun nan muryar Baba ke faɗowa, kamar a waƙar Mai Tulu: "Ke mai tulu, dakata..." Ni da yayyena mukan yi layi a tsakar gida da muciya da ludayi, muna taka rawa har Inna ta kore mu da tsintsiya, ita ma ƙugunta na motsi. A tsakiyar waƙar Baba kan yi ihu, "Buga, Dangi!" sai gangunan su ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

Shekara da shekaru ina ihun "Buga, Dangi!" ban taɓa tambayar wane ne Dangi ba. Sai da Baba ya ajiye sukudireba na tambayi Marwan, ya ce, "Awo, Babana makaɗi na da can. Amma ba ya son zancen." Ashe Dangi shi ne Sodangi, uban saurayina nake yi wa kirari tun ina yawo ba ɗankwali.

Abin da kowa ya sani shi ne ba sa shiri. Ba gaba suke ba, don dukansu sun san hukuncin gaba. In sun haɗu a jana'iza ɗaya zai ce salamu alaikum, ɗayan ya amsa, a taɓa hannu, kowa ya kalli gabansa. Sallamar nan ita ce duk abin da ya rage a tsakaninsu.

To ran Litinin ina cikin duba littattafan yara sai ga saƙo.

"Gimbiya, kina zaune? Zauna da kyau."

"Ina zaune. Mi ya hwaru?"

"Na samo maganin tsohonki. Wajen wani dattijo mai saida tsohhin rediyo nan Maraɗi."

Sai ga hoto: kwalin faifan garmaho, gefensa duk ya cinye, an rubuta ZAKARUN BUNSURU da jan rubutu, a ƙasa kuma Sabon Salo.

"Na ukku?" na rubuta. "Biyu muka da su!"

"Na ƙarshe na. Mutumin ya ce da wuya a same shi. Na sa an tura mani waƙoƙin cikin waya. In tsohon ya ji ƙuruciyarshi zuciya tai sanyi, ki gani. Dakor?"

"Ka saurara?"

"A'a. Ke za ki hwara ji, ke da Baba."

'Yan uwa, ku dubi wannan soyayya, ku kuma dubi wannan wauta. Mu biyu, da iliminmu, babu wanda ya tsaya ya ce: abin da aka yi shekaru ana ɓoyewa a gida, anya mantuwa ce?

Ran kasuwa ya zo zance bayan la'asar. Na saka doguwar rigar atamfata mai ruwan ganye, wadda ya kawo mini daga Maraɗi, na yafa mayafi ruwan toka, na shafa humrar Inna a sace. Shi kuma yadi ne fari ƙal, da hula zanna, sai ƙamshi yake kamar shagon turare. A zaure ya miƙo mini faifan a cikin leda, da hannu biyu, kamar mai miƙa jariri.

Na ƙura wa hoton ido. Ga Baba a tsakiya, an rage sumar, an saka masa wata kwat mai ƙyalli wadda ta yi masa yawa. Na ƙirga su.

"Biyar na gani. Ina Babanku?"

Marwan ya matso da kai. "Halan shi yad ɗauki hoton." Sai ya ɗora yatsa a kafaɗar Baba a hoton. "Tsaya. Wanga zoben Babana na. Har yau shina ga yatsanai."

Na duba. A kan kafaɗar Baba ta hagu akwai hannu, da zoben azurfa mai jan dutse. Hannu kawai. Daga wuyan hannun zuwa sama babu kowa, sai shuɗin fenti.

"To ina sauran shi?" na ce.

Muka yi dariya. Wallahi dariya muka yi.

Bayan ya tafi na shiga gida ina jin kaina kamar wadda za ta sasanta ƙasashe. Baba na zaune kan tabarma a gindin darbejiya da kofin fura. Inna na tsinke zogale. Gwaggo na kan kujerarta 'yar tsugunno tana jan carbi tana kallon kowa. Na ɗauko 'yar lasifikar da Baba ya gyara mini da hannunsa, na haɗa da waya.

"Baba, ga tsaraba an kawo maka."

Na ajiye kwalin a gabansa, na danna.

Na riga na shirya ƙafata don ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bai zo ba. Abin da ya fito wani tis, tis, tis ne, kamar famfo na ɗiga a bokitin roba, ba ya sauri ba ya lafawa. Babu ƙaho ko ɗaya. A wurinsu wani abu ne ke tsiwa kamar motar wasan yara. Can sai murya ta shigo, a makare, siririya, tana laluben inda za ta taka. Rabin waƙar ma da Turanci ne, irin Turancin da ke fita da ƙyar. Na jira wurin da za a ce buga, na jira, har waƙar ta mutu ba wanda ya buga komai.

Gwaggo ta yamutsa fuska. "Ke, wane na wanga ka kuka kamar an taka akuya? Kashe muna abin ga."

Baba bai ɗaga kai daga kwalin ba. Ya ce, "Ni na, Yaya."

Inna ta saki reshen zogalen da ke hannunta. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na kai hannu zan kashe, ya ɗaga yatsa.

"Bar shi. Tunda kin kunna, a ji shi har ƙarshe."

Haka muka zauna. Ban taɓa sanin faifai na da tsawo haka ba. Waƙa ta bi waƙa, duk kamar ɗaya, duk da ɗigon famfon nan, kuma a kowacce Baba sai ya makara kafin ya shigo, kamar mai tsaye a bakin ƙofa yana jiran a ce masa bismillah. Akwai guda a can ƙarshe, mai sanyi, wadda na ji a raina da an yi mata kiɗan kirki da ta fi Mai Tulu. Wannan ta fi ba ni tausayi. Furar Baba ta kwanta a kofi, ƙuda na yawo a baki. Babban yatsansa na kan hannun nan na hoto, yana shafawa.

Da aka kira magariba ya tashi, ya saka takalmi, ya fita da kwalin a hammata. Ko kallona bai yi ba. Na shige ɗaki na yi kuka mai isata.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke Inna ta jawo turmi ta zauna kusa da ni. Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "Ina amarya aka yi shi."

Ta ce wani mai kamfanin faifai ne a Legas ya kira su. Murna a Isa da Sabon Birni kamar sallah. Suka hau jirgin ƙasa daga Ƙauran Namoda su shida, Sodangi rungume da gangunansa a buhu, ko barci ba ya yi don kar a taka su. Da suka isa, mutumin ya ce zamani ya wuce ganga da ƙaho, yanzu inji ke kiɗa, ga shi nan a akwati. Masu ƙaho za su iya tsayawa a yi hoto da su, su riƙa amshi. Mai ganga kam ba a bukatarsa.

"Sodangi yac ce ma babanki, Malami mu koma gida. Babanki yac ce a bari a gwada, dama ɗaya ta. Shi na shugaba, maganatai aka bi."

"Sai ya dawo?"

"Bai dawo nan take ba. Kullum sai ya bi su, ya zauna bisa benci a baranda da sandunanshi cikin aljihu, ko za a ce shigo. Ba a ce ba. Har hoton da anka yi da shi, sunka sa almakashi. Rannan yat tashi ya hau jirgi shi kaɗai. Nan ƙohwar gidan ga ya biyo ya ba ni saƙon babanki, sabulu da ɗankunne, ya ce suna lahiya. Bai ƙara ko kalma ba."

Faifan ya fito. Inna ta ce ranar da aka fara saka shi a wani otal a Maraɗi, mutane sun miƙe da jin sunan Zakaru, suka tsaya tsaye suna kallon juna, ɗaya bayan ɗaya suka koma suka zauna. Wani ya ɗaga murya ya ce a mayar da tsohon faifan. Gidan rediyo ya saka shi sau ɗaya ko biyu ya bari. Kafin damina ta zagayo kowa ya kama gabansa: wani ya shiga soja, wani ya koma gona, Baba ya sayar da jitarsa ya sayi kayan gyara.

"To Inna, ai Baba Sodangi ya kamata ya ƙi ni. Shi anka ɓata ma. Mi ya sa Baba na ka ƙi?"

"Tahi ki tambaye shi. Ke kinka tono."

Da azahar na karɓi kwanon abincinsa na kai masa shago da kaina. Shagon Baba ɗan ƙarami ne, rediyoyi matattu jere har rufi, ƙamshin dalma da ƙura. Yana sunkuye kan wata lasifika. Kwalin na jingine a bango, an juya fuskarsa.

Na durƙusa. "Baba, ka yi haƙuri. Ban sani ba."

"Na san ba ki sani ba. Tashi, ƙasa da dauɗa."

Ban tashi ba. "Baba, in Marwan na ba ka so, ka hwaɗa mani. Za ni haƙura." Ƙarya nake, kun sani, na sani, shi ma ya sani.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Na bincika yaron. Ba shi da abin ƙi. Da ɗan wani na, da tuni kina ɗakinki."

"To mi na na?"

Wani mai babur ya tsaya da rediyo a hannu, Baba ya yi masa alama ya dawo anjima.

"Radiyya, kin san yadda aka neman aure. Ƙannen Sodangi za su zo, dattawa da hurhura, su tuɓe takalma a ƙohwata, su zauna ƙasa, su ce Sodangi ya aiko mu roƙon arziki. Roƙo. Ni ina bisa buzu ana roƙona da sunan Sodangi." Ya dubi kwalin da ke jingine a bango. "Mutumin da na bari bisa benci. Ni ya kamata in tuɓe takalmi a ƙohwatai."

"To ka tahi mana, Baba."

"Da can ya kamata in tahi, na tsaya yau, na tsaya gobe. Yanzu in na taka gidanshi mi za a ce? Malami ya kai tallan ɗiyatai Isa. Abin ya bi ki har ɗakin miji, har ɗiyanki a gaya ma. Uban ɗiya ba ya zuwa. Uban ɗa shi ma ba ya zuwa, aike shika yi. Ban iya zuwa, ban iya zama a roƙe ni. Kin ji inda nike."

Na dawo gida ina tafe ina share hawaye da gefen mayafi, har mai ƙosai ta tambaye ni wa ya rasu. Da ƙin Marwan yake yi, da na san yadda zan yi: in yi kuka, in daina cin abinci, in tura Inna. Amma kunya fa? Wa ke rarrashin kunyar da ta girme shi?

Na kwashe komai na tura wa Marwan a saƙon murya, har da majina. Ya saurara, alamar saƙon ta yi shuɗi. Sai can da yamma ya rubuto:

"Na kunna ma Babana."

"Ka yi MI?"

"Bai taɓa jin shi ba, Radiyya. Ko sau guda. Ya ce tun da yad dawo daga Legas in ya ji an sa shi, tashi shika yi."

"Innalillahi. Mi yac ce?"

"Ya saurara dut. Yana ta bugun gwiwa da yatsu. Wajen ta ƙarshen nan mai sanyi ya ce in maido, na maido har sau nawa. Sannan ya ce, injin ga bai san inda Malami ka numhwashi ba. Ya bar shi shi ɗai cikin ruwa."

"Sai kuma mi?"

"Sai na gaya mashi abin da Baba yac ce a shago."

Na tura masa hoton fuska mai kuka guda goma. Na ce ya kashe ni, ya tona wa Baba asiri, daga yau kar ya ƙara kirana Gimbiya. Ya ce, "Dakor, Gimbiya." Na kife wayar.

Ran Juma'a da safe gidan shiru. Inna na shara ba kaset, don rediyon kaset ɗin ma ya daɗe da mutuwa, mai gyaran kuma bai taɓa samun lokacinsa ba. Baba bai fita shago ba, yana gindin darbejiya yana kwance cikin wata 'yar rediyo. Ni ina tankaɗe, daga ni sai zane da tsohuwar riga, kaina ko kitso babu. Gwaggo ta fara: "Ɗiyar Ɗanmusa ma an sa rana..."

Wayata ta yi ƙara. Marwan.

"Babana ba shi gida. Tun asuba ya hita, an ce an gan shi tasha. Ya bar wayatai bisa tabarma."

Kun san hanyar Isa zuwa Sabon Birni a wannan zamani. Matasa ma sai sun yi addu'a sun ƙara kafin su hau ta, balle tsoho shi kaɗai. Na fara rubuta amsa ke nan sai aka taɓa ƙofar gidanmu.

A garinmu babba ba ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sallama yake yi daga zaure, a amsa, a aika a ga ko wane ne. Shi ya sa duk muka ɗaga kai. Ƙofar langa-langa ce, ko yaya aka taɓa ta sai ta amsa.

Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Dum.

Sai shiru.

Wallahi da idona na gani. Baba bai yi niyya ba. Ƙirjinsa ne ya ɗaga da kansa, ya ja numfashi, bakinsa ya buɗe a daidai cikin shirun nan, sannan ya kama kansa ya rufe. Sukudireba ta faɗi a tabarma. Tsintsiya na hannun Inna a sama, ta manta da ita.

Aka sake. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, dum.

A karo na biyu muryar ta fita. A dishe, tana rawa, amma ba ta makara ba ko kaɗan.

"Ke mai tulu... dakata..."

Daga zaure wata murya mai kauri ta ce, "To. Ashe dai kana nan."

Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wa nika ji haka? Ba dai uban yaron ba? Da ƙahwatai? Ina anka taɓa yin haka a Gobir!"

Ba wanda ya kula ta. Baba ya miƙe ya nufi zaure, ba takalmi, ba hula. Ni kuwa, Allah ya shirye ni, na bi bango da garin tuwo har gwiwar hannu, na leƙa ta tsagar ƙofa.

Gajeren tsoho ne kakkaura, da babbar riga shuɗiya duk ƙurar hanya, wushiryar Marwan sak a bakinsa. Baba ya tsaya a gabansa, sai na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwasa, zai durƙusa. Tsohon ya tare shi.

"Kul. Ban zo a roƙe ni ba, ban zo roƙo ba. Masu roƙo na nan tahe, ƙannena na, ka ji da su. Ni zuwa na yi in gaya maka, waccan ta ƙarshen, mai sanyin nan, waƙa ta. Kun dai kashe ta da ranta."

"Dangi," in ji Baba.

"Shekara nawa ina jin haushin kun yi abu mai daɗi ba ni. Da na san haka abin yake, ai da tuni na zo maka jaje."

Baba ya yi wani sauti, ban san ko dariya ba ne ko kuka, ina jin duka biyun ne. Sai tsohon ya ɗaga hannu ya ɗora a kafaɗarsa ta hagu. Zoben azurfa mai jan dutse, ya dushe, ya nutse cikin yatsa. Wannan karon na bi hannun da ido har sama, na tarar da mutum a jikinsa.

Ban san hawaye nake ba sai da Inna ta finciko ni ta baya. Ita ma idonta jawur.

Daga zaure Baba ya ɗaga murya, irin ɗagawar da ban taɓa ji ba sai a kaset: "Radiyya! Kawo ma babanki ruwa, ya sha hanya."

Na zabura zan ɗauki kofi, Inna ta riƙe ni. "Haka za ki hita, mara kunya? Tahi ki wanke hannu ki sa hijabi, ki sadda kai ƙasa. Suruki na."

Gwaggo na can tana faɗa wa carbinta cewa ita dai ba ta taɓa gani ba, amma na lura ta tura a sayo goro.

Na kai ruwan, na durƙusa, ban ga komai ba sai ƙafafunsu. Ƙafar Baba Sodangi na taka ƙasa a hankali, ta Baba na bin ta. Sun ce a nemo musu ta ƙarshen nan, kuma a rage ƙarar injin in da hali.

Wayata na ɗaki tana ta haske. Saƙon Marwan ya fi ashirin: "An gan shi?" "Radiyya?" "Don Allah ki yi magana." Na buɗe, alamar ta yi shuɗi, na zauna a bakin gado ina kallonta ina murmushi. Shi ya tona mana asiri, bari ya ɗan ɗanɗana zaman benci.